Adashin Farin Fenti

Shekara goma sha ɗaya na yi ina tsallakar da 'ya'yan mutane titi a unguwar Safa. Aikina ke nan, mushrifa, wato matar da ke zama a bas ɗin makaranta tana ƙirga kawuna, tana raba faɗa, tana share majina. In bas ya tsaya ni ke fara sauka, in shiga tsakiyar kwalta in ɗaga hannu ɗaya, in riƙe yarinya da ɗayan har ƙofar gidansu. Yaran Dada suke ce mini, iyayensu ma haka, kuma ban tuna ranar da wani ya tambayi sunana ba. Abin da na iya shi ne tsayar da mota da ido. Direban da ya gwada ni kuwa yakan ji ta bakina, da Larabci da Hausa duka, har sai yaran sun leƙo ta taga suna dariya.

A unguwar Ruwais aka haife ni, a can aka haifi mahaifiyata, Inna. Kakanmu ne ya zo aikin hajji bai koma ba, mu kuma har yau muna sabunta iƙama, takardar izinin zama, kamar jiya muka sauka daga jirgi. Da haya ta yi mana tsada muka komo Bani Malik, ni da Inna, ɗaki biyu a hawa na farko. Inna ce ta zaɓi gidan, kuma ba don kyansa ba. Yayarta, wadda muke kira Khala, tana zaune da 'yarta a ƙetaren titi, kusa ƙwarai, har daga tagarmu ana hango tankin ruwan da ke saman gidansu.

Khala ta samu shanyewar ɓarin jiki tun kafin mu komo. Harshenta ya yi nauyi, in ta yi magana a waya ba a gane komai, amma da safe hankalinta garau yake, sai rana ta ɗaga take shiga barci da ruɗewa. Saboda haka kullum bayan fitowar rana Inna takan dama kunun gyaɗa, ta zuba a fulas, ta tsallaka. Ta ba ta a baki, ta taje mata kai, su zauna suna gulmar mutanen da suka mutu shekara talatin da suka wuce. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Ni dai ban taɓa gane abin da Khala ke faɗa ba, amma Inna takan dawo da labari cike da baki.

Titin ne matsalar. Layi uku ne ta kowane gefe, da shingen ƙarfe a tsakiya, inda wani bawan Allah ya cire sanduna biyu tun da daɗewa, kowa ke bi ta wurin. Akwai gadar masu tafiya da ƙafa, amma tana can gaba da nisa, ga matakala, ga gwiwoyin Inna da ko hawa ɗaya na gidanmu sai ta huta sau biyu. Yadda take tsallakawa shi ne ta yi bismillah, ta ɗaga fulas sama kamar motocin za su gane kunu ne, ta shiga. Ni a lokacin ina Safa, don kafin gari ya waye sosai nake fita, in an tashi daga makaranta kuma in wuce wani gida inda nake guga da shara har magariba. Kullum ina riƙe da hannun 'yar wani, zuciyata tana wurin tsohuwar da babu mai riƙe nata.

Wata shekara da aka koma makaranta muka tarar an yi wa bas-bas ɗinmu kwalliya. An sa musu wani jan allo a gefe mai buɗewa da kansa in an tsaya, an rubuta masa ƙif, wato tsaya, ga kyamara a jikinsa, ga wata a ciki tana kallonmu. Mudir, mai kula da mu a kamfanin, ya tara direbobi da mu mata a farfajiya ya yi bayani. Duk motar da ta wuce bas yana sauke yara, kyamara za ta ɗauki lambarta, tara ta iske mai ita a wayarsa. Mu kuma an hana mu taɓa waya muddin akwai yaro a cikin mota. Sai wani direba ya tambaya cikin raha, wai kuɗin tarar ina za su. Mudir ya ce da irin kuɗin nan ake zana wurin tsallakawa, a sa fitila, a yi tudun rage gudu, don masu tafiya da ƙafa su tsira da ransu.

Maganar nan ta shige ni. Ban tambayi wa ya gaya masa ba, ban nemi in gani a rubuce ba, ni da ko tumatir ba na saye sai na juya shi na duba gindinsa. Abin da nake son ji ne aka faɗa, na ɗauka na rungume.

Kuma gaskiya kyamarar ta yi aiki, ba zan yi mata ƙarya ba. Cikin wata guda motocin Safa suka koyi ladabin da na yi shekaru ina koya musu da maƙogwarona. Da jan allon ya buɗe sai ka ga manyan motoci sun ja birki suna jira kamar a gaban surukai. Har haushi nakan ji, wai ƙarfe ya fi ni kwarjini. Kafin hutun tsakiyar shekara kuma aka zo aka zana farin layi a gaban makarantarmu, aka ƙara wani a gaban masallaci, wani a bakin babban kanti. Na ce to, ga zahiri, mudir bai yi ƙarya ba.

Ana cikin haka tarar ta faɗo a gidanmu. Ƙanena direba ne a wani gida a Safa, a can yake kwana, sai ranar Juma'a yake leƙo mu. Ya zo ranar nan fuska a murtuke, ko gaisuwar kirki bai yi ba. Matar gidan ce ta makara, tana bayansa tana ta yalla yalla wai ya yi sauri, ya ga bas a tsaye, ta ce ya wuce, ya wuce. Saƙo ya iske kafilinsa, wato maigidan da yake yi wa aiki, kafili ya ce ai ba matarsa ke riƙe da sitiyari ba, za a cire daga albashi, abin da ya fi na wata guda. Ya ce ba shi kaɗai ba ne, rabin direbobin gidajen can 'yan unguwarmu ne, kuma kusan kowa ya sha irin wannan.

Maimakon in taya shi baƙin ciki sai na ji wani sanyi a raina. Na ce masa laifi dai ya yi, da 'yarsa ce ke sauka da bai wuce ba. Sannan na ƙara da abin da har yau in na tuna nake jin kunya.

"Ka ɗauka zubi ka yi. Adashi ne. Safa ta kwasa, saura mu."

Ya dube ni ya ce, "Abla," haka yake kirana, "wallahi zafin rana ya taɓa miki kai." Ya tashi ya bar tuwonsa.

Inna ta yi shekara da shekaru tana uwar adashi a Ruwais, matan layi guda a hannunta suke zubi, ba a taɓa jin kanta da kowa ba. Tana zaune tana jinmu. Da ya fita na shiga yi mata bayani, yadda mazan Bani Malik ke zubawa, yadda kuɗin ke taruwa, yadda dole wata rana a zagayo kan titinmu. Ta bari na gama sannan ta tambaye ni wace ce uwar adashin. Na ce hukuma ce mana. Ta ce a'a, ita mutum take tambaya, wadda za a je ƙofarta a yi sallama in kwasa ta wuce ranarta. Na ce zamani ya canza, yanzu komai a waya yake. Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.

Bayan kamar sati uku na dawo da magariba, mai shagon da ke ƙasan gidanmu, wani dattijo mutumin Nijar, ya tare ni tun kafin in hau bene. Ya ce in yi wa Allah godiya. Madubin wata mota ya bugi Inna a gwiwar hannu da safe, ta faɗi a jikin shingen, fulas ya tarwatse, motar ko tsayawa ba ta yi ba. Na hau da gudu na same ta tana jan carbi, hannun ya kumbura, ta rufe shi da mayafi wai kada in gani. Da na yi magana ta ce ba komai, fulas ɗin ma dama ya tsufa.

Ni mai zuciya ce, kuma tsoro ne ke fito da ita. Na yi faɗa, na yi kuka, na kawo mata labarin duk wanda na san titin nan ya ci. Ko a jikinta. Ta ce gobe ma za ta, in ta kama a kwano za ta kai kunun. Da na ga ba ni da sauran dabara sai na durƙusa a gabanta na kama ƙafarta.

"Inna, na haɗa ki da Allah, kada ki sake taka titin nan da ƙafarki sai an zana shi."

Wanda bai tashi a cikinmu ba zai ɗauka magana ce kawai ta mai ɓacin rai. A wurin Inna kuwa, in an haɗa ka da Allah an ɗaure ka ke nan, kuma wanda ya ɗaura shi ke kwancewa. Na san haka sarai, shi ya sa na faɗa. Ta janye ƙafarta a hankali ta ce, "Halas, shi ke nan. Kin yi abin da kika yi."

Na yi mata alkawarin ba za a daɗe ba, kuma na tashi tsaye. Na shigar da koke ta waya, da hoton titin da hoton gurbin shingen, aka turo mini lamba. Bayan kwana biyu saƙo ya zo cewa an duba an kammala. Na fita da murna, sai na tarar gurbin shingen aka toshe da sababbin sanduna, waɗanda ba su yi sati ba aka sake cire su. Na nemi izinin rabin yini na je ofishin da aka ce su ke kula da hanyoyi. Wani matashi mai fara'a ya karɓi iƙamata ya juya ta, ya ce abin sai an yi nazari, in sake shigarwa ta waya. Na ce masa mutanenmu sun biya tara mai yawa. Ya ce Allah Ya kiyaye gaba, ya kira na bayana.

Ranar Juma'a kaɗai nake gida da safe, don Asabar ma a gidan da nake guga nake wuni. Juma'a biyu na farko na tari tasi na kai Inna, sai da muka yi tafiya mai nisa kafin a samu wurin juyawa, don zuwa gidan da muke hangowa ta taga. Inna ta yi ta mita a hanya, wai an mayar da ziyarar 'yar'uwa tafiyar Makka. Juma'a ta uku na tashi da ciwon baya. Ta huɗu wanki ya taru. Daga nan sai ya zama in an samu hali, kuma halin bai cika samuwa ba. Zan iya cewa gajiya ce, kuma gajiyar gaskiya ce, amma ni da nake tsayar da motoci don 'ya'yan wasu kwana biyar a mako, ban taɓa tunanin in kwance maganata in kama hannun uwata mu tsallaka tare ba. Na riga na sa a raina cewa farin fenti na nan tafe.

Inna ta ci gaba da dama kunun. Wata maƙwabciya da ke aiki a ƙetare takan kai, ta dawo da fulas kusan a cike. 'Yar Khala ta ce tsohuwar takan kurɓa sau ɗaya ta kawar da kai, ta yi ta kallon ƙofa. An gwada haɗa su a waya, Khala ta yi ta ƙoƙarin magana, Inna na cewa na'am, na'am, alhali a waya ita ma ba ta gane ta. Ashe bakin take karantawa, sai tana kallonta take jin abin da take faɗa.

Sau ɗaya tak Inna ta roƙe ni. Da asuba ne, ina ɗaura takalmi, ta ce daga kan sallaya, "Ki sake ni mana, 'yar nan." A satin nan na ga wasu ma'aikata da rigunan lemo suna gwada titinmu suna sa alama da jan fenti. Na ce mata ta ƙara haƙuri kaɗan, ga shi har an fara awo, kwasarmu ta zo. Na fita ina jin kaina kamar wadda ta ci nasara. Daga baya na ga bututun ruwa suka zo canzawa.

Ranar wata Talata, wajen ƙarfe bakwai na safe, 'yar Khala ta kira Inna ta ce jikin ya rikice, ta zo yanzu. Abin da ya biyo baya mai shago ne ya ba ni labari. Inna ta sauko da abaya a karkace, ko jaka ba ta ɗauko ba, ta isa bakin titi daidai gurbin shingen, ta tsaya. Ta yi ta kiran wayata. Wayata tana cikin jaka a ƙarƙashin kujerar bas, a kashe, saboda kyamarar ciki. Mai shago ya rufe shagonsa ya zo ya ce ta kawo hannu ya tsallakar da ita, shi zai tare motocin. Ta ce ba za ta iya ba, an haɗa ta da Allah. Ya ce lalura ce, Allah Ya san lalura. Ta ce wadda ta ɗaure ta ba ta ɗauki waya ba. Sai ya koma neman tasi, a lokacin da duk garin ke kan hanyar aiki, kuma da aka samu sai da suka bi cunkoso har wurin juyawa suka dawo. Da suka isa an riga an rufe Khala da zane.

Da na kunna waya a farfajiyar makaranta na ga kira goma sha huɗu. Har yau ban goge su ba.

Inna ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. A zaman makoki mata suka yi ta cewa kwana ne ya ƙare, ko tana gefenta ba za ta ƙara mata minti ba. Wani malami da ƙanena ya tambaya ya ce da ta tsallaka babu laifi a kanta ko kaɗan. Duk na ji, duk gaskiya ne, kuma babu wanda ya rage mini komai. Abin da na sani shi ne wata uku na ƙarshen rayuwar Khala, sau biyu ta ga ƙanwarta, kuma ni na yanke hakan.

Da na koma aiki na shiga ofishin mudir ba sallama. Na tambaye shi yaushe kuɗin tarar za su iso Bani Malik. Da farko bai ma gane zancen ba. Da na tuna masa sai ya yi dariya, ya ce ai a wayarsa ya karanta cewa haka ake yi a wasu ƙasashe, shi bai san inda na nan ke zuwa ba, wataƙila haka ne, wataƙila ba haka ba. Ya ce, "Ya Dada, ke kin riƙe wannan maganar?" Na riƙe ta kuwa. Na juya na fita. Ba shi ya durƙusa ya kama ƙafar Inna ba, wannan na sani, amma har na bar aikin ban sake amsa gaisuwarsa da daɗin rai ba.

Shekara ta zagayo, aka buɗe wani katafaren kanti a ƙetaren titinmu, mai wurin ajiye motoci da ƙofofin gilashi. Kafin ranar buɗewa aka zo aka yanke shingen da kyau, aka zana farin layi mai faɗi, aka kafa fitila mai maɓalli wadda in ka danna motoci ke tsayawa. Ko da kuɗin tara aka yi, ko masu kantin ne suka nema, ban sani ba, kuma na daina tambaya. Taku kaɗan ne daga ƙofar gidanmu.

Ranar Juma'a da safe na yi wanka na sa abayata mai kyau, na shiga ɗakin Inna. Tun rasuwar ba ta cika sauka ƙasa ba, ta rame, kunun ma ta daina damawa. Na durƙusa inda na durƙusa a wancan karon na ce mata an zana, na kwance maganata, ta yafe mini, ta tashi in riƙe hannunta mu tsallaka.

Ta ce ta yafe tun tuni. Sannan ta dube ni, ba da fushi ba, ta ce, "Mu tsallaka wurin wa?"

Na zauna a ƙasa kusa da ita da abayar a jikina. Muna nan har aka kira sallar Juma'a.